Rigar Maho da Na Ɗinka wa Ɗan Fillo

Ni tela ne, amma ba irin telan da ake kai wa shadda ba. Shekara shida na yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwar Kafin Maiyaƙi ina gyaran gwanjo. Idan an kwance dila, masu ita sukan ware kayan da suka yage ko waɗanda zif ɗinsu ya mutu, su turo mini a buhu. In rage ƙugun wando, in mayar da maɓalli, in toshe huda ta ciki yadda mai saye ba zai lura ba. A wurinmu darajar tela ita ce ɗinkin da ba a gani. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya koya mini keken ɗinki, kuma idan ya ga zare ya leƙo a fuskar riga, jefo maka ita kawai yake yi.

A shekarun nan ni kaɗai nake rayuwata. Aurena ya mutu, ta koma gidansu a Bebeji da 'yarmu. Abokan tasowata wasu sun tafi birni, wasu sun hau achaɓa ba sa zama. Telolin layinmu suna da majalisarsu, hirar ƙwallo da siyasa daga safe har la'asar, ni kuwa ban iya ba. Kuma gaskiya ina da baki. Idan mutum ya faɗi shirme ba na iya haɗiyewa, shi ya sa a hankali aka daina kirana shan rake. Sai in wuni ni da ƙarar keke, in aka cire gaisuwa ban yi magana da kowa ba.

Wata rana bayan an gama girbi, na juye buhun gyara sai ga wata baƙar jaket ta jins. An yanke hannayenta da almakashi, ba a kalmashe ba, zare duk ya tsaya tsaye. Gabanta da bayanta maho ne a kan maho, kowane an ɗinka shi ta waje da farin zare mai kauri, ɗinkin a karkace kamar na wanda bai taɓa riƙe allura ba. A baya akwai fuskar wani mutum, baƙi da fari kawai, an rufe idanunsa da wani dogon ƙyalle, an jera masa haruffa a kan baki, wani babba wani ƙarami, babu biyun da suka yi kama. Ga fil mai kulle an jera su a wuya sun fi ashirin, ga ƙusoshin ƙarfe a kafaɗa.

Mai dilar ya leƙo ya ce, "Cire tarkacen nan ka ga ko za ta yi kuɗin sabulu."

Na ɗauki reza, na sa a bakin maho na farko, sai na kasa. Na lura ashe ƙarƙashin mahon babu huda. Rigar lafiyarta ƙalau. Wani ne can a wata ƙasa ya zauna ya manna mata wannan abu da gangan, kuma bai damu ya ɓoye ɗinkinsa ba, so yake ma a gani. Na biya mai dilar, na rataye ta a ƙusa a bayana.

Na yi sakandare, ina ɗan karanta Turanci. Na ɗauki hotonta da waya na yi ta bincike har na gano wai sunan abin fank. Wasu samari ne a Turai, tun kafin a haife ni, marasa aikin yi, masu jin haushin komai. Ba su da kuɗin zuwa gidan ɗab'i, sai suka kama almakashi da gam. Su yanko haruffa daga jaridu daban-daban su manna, su yaga hoton manya su rufe musu ido, su kai injin kwafi a yi ta kwafa har hoton ya ƙone ya koma baƙi da fari, sannan su watsa masa ruwan hoda ko rawaya mai kashe ido. Waƙarsu kam, Allah ya gani, minti ɗaya ban iya saurara ba, hayaniya ce zalla. Gashin nan nasu mai tsini shi ma bai dame ni ba. Hotunan ne suka kama ni. Na ga haushi irin wanda nake kwana da shi nake tashi da shi, wani ya fito da nasa ya ɗinka a bayan riga.

Sai na fara nawa. Jarida ba ta zuwa mana sosai, amma muna da buhu. Buhun taki, buhun shinkafa, buhun sukari, kowanne da irin haruffansa, ja da kore da shuɗi. Na dinga yanko su ina ɗinkawa a kan tsofaffin riguna da ragowar ƙyalle. Na ɓamɓaro fastocin zaɓe da rana ta cinye a jikin bango, na yanke idanu da haƙora. Na hau mota zuwa Kiru da ƙaramin hotona, na sa mai injin kwafi ya kwafa, ya kwafi kwafin, ya sake kwafar wancan. A karo na bakwai ya tsaya ya ce, "Malam, ai lalacewa yake yi." Na ce lalacewar nake biya, ci gaba. Na koyi huda kwali in ɗora a kan baƙin yadi in shafa bilic mai cinye launi, in ɗaga in ga siffa ta fito jaja-jaja. Duk wanda na gama sai in rataye a bangon rumfa.

Telolin layi suka samu abin dariya. Wani ya ce in ya mutu kada a ba ni ɗinkin likkafaninsa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta yi mini addu'ar samun lafiya, da zuciya ɗaya kuwa. Wanda ya fi ci mini rai Baffa ne. Ya zo ya tsaya a bakin rumfa, bai zauna ba, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Mu mun sa maho. Ba don ado muka sa ba. Na je makaranta da wandon da uwata ta toshe da buhun gishiri, ina tafiya ina kare gindina da allo. Kai yanzu shi ka mayar abin ratayewa?"

Na ce, "Baffa, ai ba don raini ba ne."

Ya ce, "To don mene ne?"

Ya juya ya tafi, ni kuma na koma kan keke na ɓalla allura biyu a jere.

Wata biyar ana haka, babu mutum ɗaya da ya kalli bangon nan ya ga aiki. Sai wata ranar kasuwa wani Bafulatani ya kawo wando in matse masa ƙafa. Sa'ana ne, zai yi talatin da 'yan kai, dogo, daga wata ruga kusa da Ɗansoshiya. Yana rataye da rediyo da ya naɗe da zaren ulu kala huɗu, ya manna mata madubi. Sandarsa ma da zoben tagulla daga sama har tsakiya. Na karɓi wandon, amma shi bai ko kalle ni ba, bango yake kallo. Ya matsa, ya sa yatsa ya bi wani ɗinki tun daga farkonsa har ƙarshe.

Ya ce, "Wannan da gangan ka karkata shi."

Na ce eh.

Ya ja baya, ya karkata kai. Ya ce, "Ya yi. Amma wancan na gefe ja ya yi masa yawa. Ya cinye fuskar."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke shi, sai na kalli rigar. Wallahi ja ya yi yawa. Na tsaya riƙe da wandonsa. Mutumin nan bai yaba ba, bai yi dariya ba, bai yi mini addu'a ba. Kallo ya yi, ya ga inda na kuskure.

Daga ranar duk kasuwa sai ya zo. In ya sayar da abin da ya kawo, ya sayi gishiri da batir, sai ya zauna a bencina har la'asar. Ina ce masa Ɗan Fillo, yana ce mini Tela. Yana kawo mini abubuwa a aljihu: alamar roba da ake maƙala wa shanu a kunne, shuɗiyar igiya, murfin kwalba da ya daddaƙe da dutse, tsohon kwaɗo marar makulli. Ba ya karatun boko, saboda haka haruffa a wurinsa siffa ce kawai. Sai ya ɗauki ɗaya ya kifa shi ƙasa-sama ya ce haka ya fi tsayuwa, kuma ya fi ɗin. Na nuna masa hotunan samarin Turai a waya, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Waɗannan ba su da shanu ne, shi ya sa." Muka yi dariya har telan kusa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ba zan ɓoye ba, na dogara da mutumin nan. Duk abin da na ɗinka a mako, don idonsa nake ɗinkawa. Ranar kasuwa tun hantsi nake leƙen hanya. In ya makara sai in ji na tsani kowa. Shi kaɗai nake da shi, kuma kullum ina tsoron ranar da zai gaji ya daina zuwa.

Da kaka ta wuce, ciyawa ta fara ƙarewa, ya ce mini za su tashi da shanu su yi kudu, can bayan Doguwa, sai ruwa ya sauka za su dawo. A daren ban ci tuwo ba. Da safe na yanke shawarar zan ɗinka masa riga, wadda ta fi duk abin da na taɓa yi, ya tafi da ita.

Mako uku na yi a kanta, na ture gyaran mutane gefe suna ta zagi. Baƙar jins ce na samu mai kauri, na yanke hannayen. A baya na fitar da kan saniya da bilic, ƙahonin suka hau har kafaɗu, na rufe idanunta da jan ƙyalle. A ƙarƙashi na jera sunan saniyar da ya fi so, kowane harafi daga buhu daban, biyu a kife yadda yake so. Gaba na cika shi da maho, farin zare a waje, manyan taku. Alamun kunnen shanun da ya kawo na jera su a ƙirji. Sannan na sayo ƙusoshin kujera na dasa a kafaɗu sahu uku, na wanke tsohuwar sarƙar keken hawa da kananzir na rataya daga aljihu zuwa aljihu, na maƙala kwaɗon nan a wuya.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin su tashi na miƙa masa. Ya sa, ya ciro madubin rediyonsa yana juyawa yana leƙen bayansa. Bai iya rufe baki ba. Ya faɗi wata kalma da Fillanci sau uku, na san yabo ne. Can sai ya shafa kafaɗa, ya ɗaga sarƙar, fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Tela, saniyar ta yi, mahon ya yi. Amma ƙusar nan da sarƙar nan, cire mini su."

Na ce saboda me.

Ya ce, "Inda za mu ba nan ba ne. Ba a son a ga Bafulatani da baƙin kaya da ƙarfe a jiki. Ka san yadda gari yake."

Na sani. Kowa ya sani. Lokacin ana ta labarin masu satar mutane a daji, ƙauyuka sun kafa 'yan sintiri, duk makiyayin da ba a san fuskarsa ba sai an tare shi. Na san wannan sarai. Amma mako uku na yi, kuma ƙusoshin nan su ne suka tayar da rigar. Sai bakin nan nawa ya riga ni.

Na ce, "Ashe kai ma irinsu ne. Na ɗauka kai kaɗai ne mai ido a garin nan, ashe tsoro ya fi idon yawa. Kawo, in ba za ka iya sa ta yadda take ba, ajiye mini kayata."

Ya kalli ƙasa. Sannan ya yi 'yar dariya, ya gyara wuyan rigar, ya ce, "Haba Tela, abin bai kai nan ba." Ya rataya rediyonsa a kai, muka yi sallama. Na tsaya a bakin rumfa ina kallon kan saniyar nan yana ratsa kasuwa, mutane suna waiwaye. Daɗi na ji, ba zan yi ƙarya ba.

Ranin ya yi mini tsawo. Na kira wayarsa sau da yawa, a kashe, na ce ai daji ne babu sabis. Na koma wuni babu magana. Na ɗinka riguna huɗu sababbi, na jera su a bango daidai inda idonsa yake fara sauka. Ɗaya ma na bar ta ba a gama ba, don in tambaye shi ko rawaya ko kore.

Ruwa ya sauka. Shanu suka fara dawowa, ina ganin su a bakin titi. Kasuwa ta ci bai zo ba. Ta sake ci bai zo ba. A ta uku na rufe rumfa da azahar, na hau achaɓa zuwa Ɗansoshiya, na yi ta tambaya har aka nuna mini rugarsu.

Yayansa na tarar, dattijo mai furfura a gemu. Ya shimfiɗa mini tabarma a gindin ɗorawa, aka kawo nono a ƙwarya. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, na tambayi shanu da hanya. Na ce ni ne telan. Ya ce ya gane. Ya ce ƙanin nasa ya fita da garke, ba zai dawo da wuri ba. Sannan ya faɗa mini abin da ya faru, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba.

A wani ƙauye can kudu ya shiga kasuwa sayen gishiri da rigar a jikinsa. 'Yan sintirin ƙauyen suka tare shi. Suka ce wannan kayan mutanen daji ne, haruffan nan alamar ƙungiyarsu ce, sarƙar kuma ta ɗaure mutane ce. Ya rantse musu tela ne ya ɗinka, suka ce wane telan ne zai yi wannan ɗinki. Suka ɗaure shi a jikin bishiya tun hantsi, suna duka suna tambaya, sai bayan la'asar da arɗon Fulanin wurin ya zo ya tsaya masa aka kwance shi. Rigar sun ƙone ta a gabansa. Kunnensa na hagu tun ranar bai ƙara ji ba.

Na ajiye ƙwaryar.

Dattijon ya ce, "Ba mu ɗora wa kowa ba, abin da Allah ya rubuta ne. Ni dai tun a hanya na ce masa ya ɓalle ƙarafan nan ya zubar. Ya ce a'a, Tela zai ji haushi."

Ban san yadda na yi sallama ba. Na ƙi hawa achaɓa, na taka da ƙafa har bakin titi, ina tafe ina zagin kaina da duk zagin da na iya.

Bayan kamar wata guda, ranar kasuwa, na ɗaga kai daga keke sai na gan shi tsaye. Ya rame. Babu rediyo, riga ce ruwan toka a jikinsa irin ta kowa, da leda a hannu. Na miƙe har na ture kujera. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, lafiya lau, lafiya lau. Duk maganar da na yi sai ya juyo da kunnen dama. Na nuna masa benci, ya zauna a bakin-bakinsa, ya ba bango baya.

Na ce, "Ɗan Fillo, na je rugarku. Na ji. Ni na jawo maka. Don Allah ka yafe mini."

Ya ce, "Ba komai, Tela. Ya wuce."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya buɗe ledar ya fito da farin yadi, ya ɗora a kan keke. Ya ce kaftani yake so, saboda zai riƙa zuwa kasuwannin nesa. Na tambaye shi wane irin aiki za a yi a wuya.

Ya ce, "Kada a yi komai. Wanda in na wuce ba mai waiwayowa."

Na ɗauko tef. Ya miƙe, na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna tsawo, ina rubutawa a bayan kwali. Rigunan nan huɗu suna rataye a bayansa, taku ɗaya tsakani. Wuyansa kawai zai juya. Na daure, na daure, na kasa.

Na ce, "Akwai wata can ban gama ba. Na rasa ko rawaya zan sa ko kore."

Na faɗa ne ta ɓangaren dama, na tabbata ya ji. Ya tsaya yana naɗe ledarsa har ta koma 'yar ƙarama, ya sa a aljihu.

Ya ce, "Yaushe zan aiko a karɓa?"

Na ce kasuwa mai zuwa. Na ɗinka kaftanin da kyau, ko Baffa ba zai samu zare ɗaya a waje ba. Na goge shi, na ninke, na ajiye a kan benci tun safe. Wajen azahar yayansa ya zo ya karɓa.